Baƙon Meziko da Ɗan Farin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Aishatu, Innarmu, a makwancinta na Azare.

Assalamu alaiki wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika koya mana, ina roƙon Ubangiji ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan lafiya lau muke, manya da yara. Damina ta zauna sosai bana, geron gonarki ta hanyar Gadau har ya fi tsayin mutum.

Inna, albishir na zo miki da shi. Yaya Habu ya warke. Yana ci, yana sha, yana fita cikin mutane, har dariya yake yi mai ƙarfi irin wadda ake ji daga soro. Abin da kika tafi kina tsoro ya zo, ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya daɗe, amma Allah bai ba shi iko ba. Bari in ba ki labarin tun daga tushe, don ke kaɗai kika san nauyinsa.

Kin fi ni sanin abin da ya sami Baba. Ni ina ƙarama lokacin da yake ɗan majalisar jiha, abin da na riƙe kawai shi ne tulin takalma a bakin zaure da manyan kwanukan tuwon da ake fita da su. Da mulki ya juya aka tafi da shi. Da aka sako shi ya dawo ya tarar da zauren wayam. Waɗanda suke kwana suna yi masa kirari suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Ya shiga ɗakinsa na soro ya zauna, ya kashe rediyo, ya daina aski sai an matsa masa. Haka ya yi ta ƙanƙancewa har Allah ya karɓi abinsa, ba tare da likita ya ga wata cuta ba. Sau ɗaya na ji kin yi maganar, kina tankaɗe, ba ki ma ɗago ba. Kika ce, "An dawo mini da riga da hula, amma mutumin can suka bar shi."

Shi ya sa da Yaya ya sami aiki a ma'aikatar harkokin waje kika yi sadakar waina. Ke dai ya yi nisa da jam'iyya, ko ina ne. Ba ki nuna murnarki a gabansa ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa, sai dai ki ce "yayanku". Da aka tura shi ofishin jakadancinmu na Meziko kika tambaye ni a ɓoye ko garin ya fi Makka nisa. Na ce ya fi, nesa ba kusa ba. Sai kika ce, "To, ko suna da masara?"

Ashe masarar ce ma za ta haɗa shi da mutumin. A wani kanti yana neman garin da zai tuƙa tuwo, wani dattijo mai sanda da farin gashin baki ya tsaya yana kallonsa, ya tambaye shi daga wace ƙasar Afirka yake. Maƙwabcinsa ne ashe, sunansa Don Aurelio. Ranar da Yaya ya faɗa miki sunan ta waya, lokacin wayar hannu ta shigo Azare ke nan, kika ce, "Wa? Ɗan Auwalu?" Shi ke nan suna ya bi shi, har shi kansa ya koma sa hannu da shi in ya aiko mana gaisuwa.

Duk zuwan Yaya hutu sai mun sha labarinsa. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a kan duwatsu. Ya yi karatun lauya, ya shiga siyasa yana matashi, aka zaɓe shi majalisar ƙasarsu. A can ya tsaya kai da fata kan maganar gonakin talakawa da masu hali ke haɗiyewa, har ya ƙwato wa wasu ƙauyuka filayensu. Da bakinsa ya fara yi wa manyan jam'iyyarsa yawa, ba su ɗaure shi ba, ba su kore shi a fili ba. Kiransa suka yi suka taya shi murna, suka ce an naɗa shi jakada. Aka yi ta cilla shi daga wannan ƙasa zuwa waccan, har yammacin Afirka ya zauna, yana halartar liyafa yana gaisawa da mutane, gonakin da ya bari kuwa ana ta raba su. Daga baya ya ajiye aikin don kansa, ya koma gida ya kama rubutu. Littattafansa duk a kan mutanen ƙauyensu ne, kuma Yaya ya ce yanzu yaran ƙasar da rubutun suka san shi, da yawansu ba su ma san ya taɓa zama a majalisa ba.

Sai ga shi a Azare, bayan kaka, ya biyo Yaya. Kin tuna yadda yaran unguwa suka yi ta gardama, wasu su ce Balarabe ne, wasu su ce Ba'indiye? Ya ƙi masaukin baƙi, ya ce gida ya zo. Kika sa aka share masa ɗakin Baba na soro, wanda ba a buɗe ba tun rasuwarsa.

Washegari ya tarar ana surfen masara a tsakar gida, ya tsaya kamar wanda ya ga ɗan'uwansa. Ya nemi toka da tukunya. Ya dafa masarar da tokar, ya wanke, ya durƙusa a kan dutsen niƙanki da gwiwoyinsa na tsufa, ya niƙa, ya yi ta faɗaɗa ƙullun a tafin hannu yana gasawa a kasko. Matan maƙwabta suka cika katanga. Ya miƙo miki ta hannuna, kika gutsura kika tauna, kika ce, "Gurasa ce, amma an yi mata rowar gishiri." Da Yaya ya fassara masa ya yi dariya har da tari. Shi kuma ya rama da yajinki, wanda ke sa Yaya gumi, ya ci ya nemi ƙari.

Shi da Yaya sun je tsohon garin Katagum, ya wuni a bakin kogi yana kallon masu noman fadama, yana tambayar sunan komai. Ya dawo da taɓo har idon sawu.

Amma ranar da ban manta ba ita ce jajiberin tafiyarsa. Bayan la'asar kika shimfiɗa tabarma daga bakin ƙofar soro, kika ja mayafi, kika ce in kira "yayanku" ya yi miki tafinta. Ke da ba kya zama inda yake zaune. Kika ce, "A tambaye shi, da suka raba shi da kujerar, me ya hana shi lalacewa?" Yaya ya juya masa maganar a hankali, don ya san ba baƙon kaɗai ake tambaya ba.

Dattijon ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya ce ai ya lalace. Ya ce ya yi shekaru a ƙasashen mutane ba ya son ko jin muryar ɗan ƙasarsu. Sannan ya faɗi abin da Yaya ya juya mana haka: "Ranar da suka karɓe kujerar na ɗauka mutanena suka karɓe. Na tsufa kafin na gane kujerar kaɗai suka iya ɗauka." Kika sunkuyar da kai kina jan zaren tabarma. Can kika ce, "Alhaji bai sami mai gaya masa haka ba." Kika tashi kika shige ɗaki.

Ba ki ga wata kakar ba bayan wannan. A kwanakinki na ƙarshe, ina shafa miki man zafi a ƙafa, kika ce da ni, "Yayanku jinin ubansa ne. Za su zo masa. In sun zo, kada ki bar shi shi kaɗai."

Sun kuwa zo, Inna. Yana dawowa gida bayan ya gama wa'adinsa suka fara sallama, da manyan riguna da ƙananan murmushi. Suka ce ɗan Alhaji ne, ya ga duniya, ba shi da tabo, shi ya dace ya wakilce mu a majalisar tarayya a zaɓen 2007. Wasunsu 'ya'yan waɗanda suka tsallake wa Baba titi ne. Ya ajiye aikinsa, ya amsa.

Na yi faɗa da shi irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce ya dubi Ɗan Auwalu, ai sai da ya bar siyasa ya sami kansa. Ya ce ni ma in dube shi, ai da bai shiga ba da waɗancan ƙauyuka ba su ga gonakinsu ba. Mutum ɗaya muke ja, kowa ya kama hannu guda. Ya ce, "Hajara, na yi shekaru ina yabon ƙasar nan a gaban baƙi, ina dawowa in tarar mata suna haihuwa a kan hanyar asibiti. Kina so in ci gaba da yabon?" Na koma gida na yi kuka.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ba ƙauyen da bai shiga ba. Ba ya ɗaukar makaɗa, zama yake yi a gindin bishiya ya saurari mutane. Zauren ya sake cika da takalma, matarsa Anti Mairo ta koma ɗora manyan tukwane. Duk lokacin da na shigo na ga haka sai gabana ya faɗi, don na taɓa ganin wannan cikar.

Wata ranar Talata ina aji ina koyar da 'yan mata, wayata ta yi ta ruri a jaka. Maƙwabciyata ce, Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Bauchi da kike aika wa fura. Ta ce, "Malama, ki ajiye alli ki taho, an kawo yayanki asibiti." 'Yan sara-suka ne suka tare motarsu a hanyar dawowa daga Gadau. Har yau ba mu san wanda ya turo su ba. Sun farfasa gilasai, dutse ya same shi a bayan kunne.

Ban san yadda na hau acaɓa ba, ban san yadda na sauka ba. Na same shi miƙe a kan gado, an naɗe kansa, bai san wanda ke kansa ba. Likita ya ce sai dai a jira. Rifkatu ta riƙe hannuna a baranda, tana addu'a irin tasu ina yin irin tamu, ba wadda ta saki wata. Sai washegari da hantsi ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne ko direbansa ya tsira. Aka ce ya tsira. Ya ce to a ba shi kunu. Na fita waje na yi sujada a kan siminti.

Na ɗauka shi ke nan zai haƙura. Ina! Da ɗinkin a kansa ya koma. Aka yi zaɓen fitar da gwani, aka ce ya faɗi. Ya ce abin da aka sanar ba shi ya gani da idonsa ba, ya kai ƙara inda ake kaiwa, aka ce ya yi haƙuri, ɗan gida ne. Ni kuwa, Allah ya sani, a raina hamdala na yi.

Ashe ban ga komai ba tukuna. Kafin mako ya zagayo zauren ya bushe. Wayarsa da ba ta hutawa ta yi tsit. Wata rana na shigo, Anti Mairo ta nuna mini soro da haɓa, idonta jawur. Ya sa an buɗe ɗakin Baba. Na leƙa na gan shi a kan kujerar nan ta katako da Baba yake zama, ya harɗe hannu a ciki, yana kallon bango, rediyo a gefe a kashe. Inna, har yadda ya karkatar da wuya. Jinin da na gani a asibiti bai tsorata ni kamar wannan zaman ba.

Haka muka ci rani. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya, in zauna a bakin ƙofa in yi ta zuba, labarin ɗalibai, labarin kasuwa, wanda ya yi aure, wanda ya haihu. Amsarsa ɗaya ce, "To." Abinci ya shiga ya fito kamar yadda ya shiga. Masallaci kaɗai ke fitar da shi, shi ma a sahun baya, yana sallamewa ya sulale. Kawunai sun yi nasiha, an yi sauka, an yi rubutu ya sha. Gemu ya cika masa fuska, rigunansa suka yi masa yawa.

Ran nan na rasa abin yi, na ce Anti Mairo ta nemo mini lambar Ɗan Auwalu. Ba na jin Sifaniyanci, amma yana jin Turanci. Na jira har rana ta yi sanyi, don an ce sai lokacin gari ke waye musu. 'Yarsa ce ta ɗauka, ta kai masa. Muryarsa ta tsufa ƙwarai. Na gaya masa komai, ina yi ina share hanci. Bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya tambaya ko a ɗakin da ya kwana ne Yaya yake zaune. Na ce nan ne. Ya ce in kai masa wayar.

Na ajiye ta a cinyarsa na fito na tsaya a bayan ƙofa. Da farko ba abin da nake ji sai "to" ɗin nan tasa da yaren dattijon. Can sai na ji murya ta fara tashi. Can na ji ya miƙe, kujera ta yi ƙara. Yaya faɗa yake yi, Inna, faɗa sosai, yana buga hannu a bango. Ni da Anti Mairo muka kalli juna. Wata da watanni ba mu ji sautinsa ya wuce ƙofa ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Daga baya ya ba mu labarin yadda aka yi. Tsohon ko jaje bai yi masa ba. Ce masa ya yi yana rubuta littafi a kan Azare da kuma Baba, yana so ya karanta masa wani yanki ya ji ko daidai ne. Sai ya fara. Wai Baba sarkin gari ne mai raƙuma. Wai mutanen Katagum a cikin kwalekwale suke kwana. Wai Baba ya shiga siyasa ne don ya huce haushin wata mata da ta ƙi shi. Yaya ya yi ta gyara yana tafasa, har ya ce masa bai san uban kowa ba a ƙasar nan. Tsohon ya ce, "Gaskiyarka. To ko ka rubuta shi da kanka, ko ka bar baƙo ya rubuta shi haka."

Da ya zauna zai fara, sai ya tarar shi ma bai san Baba ba. Ya san mutumin da ke kan kujerar katako, bai san wanda aka zaɓa ba. Dole ta sa ya yi aski ya fita neman waɗanda suka san shi.

Ya je Disina ya sami wani tsoho da suka yi yawon kamfe tare da Baba a kan keke. Tsohon na jin ɗan wa ne ya kama hannunsa ya ƙi saki, ya ce kunya ce ta hana shi zuwa gaida Baba bayan an sako shi, don ba shi da abin da zai riƙa ya je da shi, har aka ce ya rasu. Ya je Hardawa, wata tsohuwa ta kai shi bakin rijiyar da Baba ya sa aka haƙa, har yau da sunansa ake kiranta. Wani ya ba shi labarin ranar da lasifika ta mutu a tsakiyar taro, Baba ya hau bayan jaki ya ƙarasa jawabinsa, jakin ya tafi da shi yana cikin alkawari. Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mana Baba mai ban dariya ba ne?

Yana dawowa daga waɗannan tafiye-tafiye da yunwa. Ranar da na ji ya ce wa Anti Mairo miya ta yi kaɗan, na shiga bayan ɗaki na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko, muna taruwa a gindin darbejiyar tsakar gida ya karanta mana abin da ya rubuta. Da Hausa yake yi, ya ce don tsohon Disina ya ji in an karanta masa. Jikokinki suna ta tambayar kakan da ba su gani ba. Ɗakin soro kuwa a buɗe yake, ya sa an fasa masa taga, ya kai tebur.

Ɗan Auwalu ya rasu farkon daminar nan. Yaya ya kira 'yarsa ya yi mata ta'aziyya, ni ma na karɓa na yi. Ya tambaye ta ina aka kwana kan littafin Azare, ko za ta aiko masa da abin da aka bari. Ta ce wane littafi? Ta ce mahaifinta tun bayan dawowarsa daga wurinmu idonsa ya tafi, ko sunansa ba ya iya karantawa, balle ya rubuta shafi. Duk abin da ya "karanta" wa Yaya a ranar, a take ya ƙirƙira shi, yana kwance a gado. Yaya ya ajiye wayar ya yi ta dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Tsohon jakada! Ya yi mini aikinsa, ban gane ba." Allah shi ne masanin bayinsa. Mu dai alheri muka gani a wurin mutumin nan.

Ba zan ɓoye miki ba, masu manyan riguna sun fara dawowa, suna maganar zaɓe mai zuwa. Ya sa an ba su ruwa, ya saurare su, ya ce zai yi tunani. Ban san abin da zai yanke ba. Amma na duba zuciyata na ga tsoron nan babu shi. Ko ya shiga, ko sun sake ka da shi, yanzu ya san hanyar Disina.

Jiya ya kira ni ya ce ya kai wurin da ba zai iya ba. Ya rubuta Baba a majalisa, ya rubuta shi a tsare, amma bai san yadda kika riƙe gidan ba a wancan lokacin, don yana makarantar kwana. Ni ce nake gindinki, ni na ga kina daka da asuba kina sayar da ƙuli, kina ce mana Baba ya yi tafiya. Ya ce, "Babin Inna naki ne." Na ce ni malamar lissafi ce, ban iya ba. Ya ce in zauna in yi kamar ina yi miki magana, sauran zai zo. Ga shi na zauna, Inna, kuma ya fara zuwa.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka makwancinta, ka sanyaya mata kamar yadda ta sanyaya mana. Ka jiƙan Baba, ka musanya masa baƙin cikin da ya sha da farin cikin da ba ya ƙarewa, ka haɗa su a Aljanna Firdausi. Ka tsare mana Yaya, ka bar shi cikin mutane har ƙarshen kwanansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ki huta, Innata. Kowa yana gida.

Taki har abada,
Autarki, Hajara.